Ɗana ba ya cin tuwo sai Indomie da shayi: yaya zan tsara girkin gida?

Tambaya: Ina zaune a Tudun Wadar Zariya da maigidana da yaranmu 3, tare da surukata. Autan ɗan shekara 3 ne da 'yan watanni. Tun bayan yaye ya fara tsirfar abinci, yanzu ba abin da yake ci sai Indomie, shayi da burodi, da shinkafa da mai. Da ya ga miyar ganye sai ya kau da kai ya fara kuka. Kullum sai na ɗora tukunya biyu. Hajiya ta ce a riƙa yi masa ɗura, maƙwabciyata kuma ta ce in sayo maganin cin abinci a kemis. Yaya zan yi?

Amsa: Sannu da fama 'yar'uwa, Allah ya raya shi, ya shirya mana su baki ɗaya.

Kafin mu shiga maganar tukunya, ki ɗauko katin awonsa ki kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ke. A ɗora shi a sikeli, a auna tsawonsa, a zagaya damtsensa da tef ɗin nan mai launi 3. In tef ya tsaya a kore, wato santimita 12.5 ko sama da haka, kuma nauyinsa yana bin layinsa a kati, to yaron yana samun abin da ke riƙe shi ko da idonki bai gamsu ba. In ya faɗa a ruwan ɗorawa, ko a ja wanda ke ƙasa da santimita 11.5, ko kika danna bayan ƙafafunsa biyu kika ga wurin ya lotsa bai taso ba, to tamowa ce ta kama shi, kuma a ranar ya kamata a fara kula da shi. Cibiyar Lafiyar Yara ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Banzazzau da asibitin koyarwa na Shika duk suna duba irin wannan. Abin da zan faɗa daga nan na yaron da awo ya nuna lafiyarsa lau ne.

Ki sani cewa raguwar cin abinci a wannan shekarun daga halitta take. Jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa har sau 3 kafin ya cika shekara ɗaya, shi ya sa a lokacin duk abin da aka kai bakinsa sai ya karɓe. Daga shekara 2 girman yana lafawa, abin da yaro ke ƙarawa a shekara guda bai wuce kilo 2 da ɗan wani abu ba. Jikin da ba ya sauri ba ya neman abinci da yawa. Sannan cikin nasa ƙarami ne: ana ƙiyasta yana ɗaukar kamar mililita 30 a kan kowane kilo na nauyinsa, don haka yaro mai kilo 13 ko 14 abin da zai iya ɗauka a zama ɗaya wajen mililita 400 ne, har da ruwan da ya sha. Ga kuma tsoron sabon abinci, wanda yake tsananta daga shekara 2 zuwa wajen 6, daga nan ya fara sauka. Ɗanki yana tsakiyar wannan zangon ne. Ba ki lalata shi ba, kuma girkinki ba shi da laifi.

Yanzu ga aikin da nake so ki fara yi, kuma shi ne ya fi buɗe wa iyaye ido. Ki samu takarda, kwana 3 a jere ki rubuta duk abin da ya shiga bakinsa da lokacin da ya shiga, komai ƙanƙantarsa. A gida irin naku hannuwan da ke ba yaro abinci suna da yawa. Ke kin ba shi shayi da safe. Hajiya ta ga bai ci burodin sosai ba, tausayi ya kama ta, ta ciro biskit daga ɗakinta da hantsi. Yayyensa sun taso daga Islamiyya sun biya ta shagon ƙofar gida sun gutsura masa alewa da cincin. Babansa ya dawo da magariba da lemon kwali a leda. Kowa da niyyar alheri ya yi. Amma a lokacin da kika kwashe tuwo, cikin nan mai ɗaukar mililita 400 ya riga ya cika da zaƙi. Yaron da ba ya jin yunwa ba shi da dalilin gwada miyar kuka. Yawancin yaran da ake kawo mana da cewa ba sa cin komai, in an rubuta sai a ga tun safe bakinsu bai huta ba.

Zan ɗan tsaya a kan shayin nan, don ya fi damuna fiye da Indomie. Ganyen shayi yana da sinadarin da ke hana hanji tsotse ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi, musamman wanda ke cikin wake da ganye da hatsi. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. Shi kuma ƙarancin jinin da kansa yana kashe sha'awar abinci, sai abin ya zama yana zagayawa: bai ci ba jini ya ragu, jini ya ragu ya ƙara ƙin ci. Ki duba tafin hannunsa da cikin fatar idonsa ta ƙasa. In sun yi fari, ko yana lasar bango, yana cin ƙasa ko gawayi, ki roƙi a gwada jininsa. Ki cire ganyen shayin daga kofinsa gaba ɗaya. Ruwan ɗumi da madara ya ishe shi, sukari kaɗan, kuma a ba shi bayan ya ci abin karin, kada a fara da shi. Madarar ma kada ta wuce rabin lita a yini, don in ta yi yawa tana toshe ciki kuma ba ta da ƙarfen jinin kirki.

Sai babbar maganar, wato tukunya ta biyu. Ki sauke ta. Duk ranar da ya ture tuwo kika miƙe kika dafa masa Indomie, kin koya masa cewa ƙin ci shi ne hanyar samun abin da yake so, kuma yara suna kama wannan darasin da sauri. Wata masaniyar abinci ta Amurka mai suna Ellyn Satter ta tsara rabon aiki tsakanin iyaye da yaro, kuma na ga yana aiki a gidajenmu kamar yadda yake yi a can. Ke ce mai yanke abin da za a ci, da lokacin da za a ci, da inda za a zauna a ci. Shi kuma nasa shi ne ko zai ci, da yawan da zai ci daga abin da kika ajiye. A halin yanzu kun yi musayar aiki: shi yake zaɓar abin da za a dafa, ke kuma kina ta faman ƙidaya loma. Ki karɓi naki ki bar masa nasa.

Yadda za ki yi ba tare da kin bar shi da yunwa ba shi ne, a kowane zama ki tabbata akwai abu ɗaya a gabansa da kika san yana ci. Ranar tuwo da miyar kuka ki ajiye masa ɗan yankin burodi ko ayaba a gefe, tun farko, tare da na kowa. Kada ki jira sai ya yi kuka sannan ki kawo, don in ya zo bayan kuka ya zama ladan kukan. A sa masa tuwon loma 2 ko 3, miyar cokali ɗaya a ɗan ƙaramin kwano dabam. Tulin abinci yana tsorata yaro mai tsirfa. In ya cinye ya nemi ƙari a ba shi. In bai taɓa ba, bayan minti 20 zuwa 30 ki ɗauke, babu faɗa, babu lallashi, babu ɓata fuska.

Lokutan su zama sanannu: karin safe, ɗan abin taɓawa da hantsi, abincin rana, wani ɗan abin taɓawa bayan la'asar, sai na dare. Tsakanin kowane biyu a samu awa 2 zuwa 3, kuma ruwa kawai zai sha a wannan tsakanin. Sallolinmu sun riga sun raba mana yini, ki jingina abincin da su, kowa a gidan zai fi riƙewa.

Kada ki yanke hukunci a kan abinci don ya ƙi shi sau 2 ko 3. Bincike a kan yara ya sha nuna cewa sabon abinci yakan buƙaci a gabatar da shi sau 10 har zuwa 15 kafin yaro ya saba, kuma yawancin iyaye suna sarewa tun kafin su kai rabin haka. In ya taɓa da yatsa, ko ya sunsuna, ko ya lasa ya tofar, duk yana cikin lissafi, ki bar shi ya yi ba tare da tsawa ba. Abin da ba na so shi ne ciniki: cinye in ba ka alewa. Wannan yana gaya masa cewa alewa ce abin so, miya kuma wahalar da ake sha kafin a kai gare ta. Haka tsoratarwa da dodo ko allura. Haka kuma ba shi waya yana kallo ana tura masa loma. Zai haɗiye, amma bai san me ya ci ba, bai kuma koyi gane ƙoshinsa ba.

Game da abin da za ki dafa, ba na so ki sauya girkin gidanki saboda shi. Abincinmu na gargajiya ya fi abin da yake nema gina jiki nesa ba kusa ba. Abin da za ki yi shi ne ki tashi daga abin da ya sani ki matsa kusa da shi kaɗan-kaɗan. Yana cin shinkafa da mai, to ranar garau-garau ki zuba masa shinkafar da ƙwayar wake 'yan kaɗan da suka dahu luguf, mako mai zuwa ki ƙara. Daga nan dafa-duka mai kabewa da ta narke a ciki ba za ta zame masa baƙuwa ba. Yana son Indomie, to taliyar murji da manja da ɗan dafaffen ƙwai 'yar'uwarta ce. Yana son burodi, to waina da ƙosai da alale da awara duk abubuwa ne da ake riƙewa a hannu a gutsura, kuma yara masu gudun miya sun fi karɓar irinsu. Ɗanwake ma haka, ga shi da wake da kuka a cikinsa tun daga kwaɓi. Ita kanta Indomie ba sai kin kore ta daga gidan ba, don abin da aka haramta wa yaro ƙara masa daraja yake yi. Ki ba ta rana ɗaya ko biyu a mako, a dafa wa yaran duka, da ƙwai da karas da kabeji, a zuba rabin garin ɗanɗanon da ke cikin ledar saboda gishirinsa yana da yawa.

Ki lura da abin da yake ƙi a miyar. Sau da yawa yauƙi ne, irin na kuɓewa da karkashi da kuka, wani yaron da ya ji shi a harshe sai zuciyarsa ta tashi. In haka ne ki fara da taushe ko miyar gyaɗa. Wani kuma yaji ne ya taɓa ƙona shi sau ɗaya ya riƙe abin. Ki ɗebi nasa kafin ki zuba attaruhu, ko ki daka yajin dabam manya su barbaɗa. Wannan gyara ne a cikin tukunya ɗaya, ba girki na biyu ba ne. Fate kuwa, tunda a Zazzau muke, yana daga cikin abincin da na fi so wa yara: ga tsaki, ga gyaɗa, ga ganye, wasu har da wake, duk a kwano ɗaya, kuma ba ya buƙatar tauna mai yawa. Ki yanka ganyen ƙanana sosai, ki rage yakuwa ki ƙara alayyahu in tsamin ne ke korarsa.

Iyaye mata suna yawan tambayata ko su ɓoye ganye a cikin abinci. Zuba garin zogale kaɗan a ƙullun ƙosai ko alale abu ne mai kyau, kuma gidan duka zai amfana. Amma ki ci gaba da ajiye masa ganyen a fili yana gani, don wanda aka ɓoye yana gina jiki ne kawai, ba ya koya masa cin ganye. In ya tambaye ki me ke ciki ki gaya masa gaskiya. Yaron da ya gano an yaudare shi yakan daina yarda har da abincin da yake ci a da.

Na san halin da kasuwa take ciki, ba zan ce ki sayi nama kullum ba. Wake, gyaɗa, waken soya da daddawa suna ɗauke nauyi mai yawa. Ƙananan busassun kifi in an daka su da ƙayarsu an zuba a miya suna ba da abin gina ƙashi da na jini. Ƙwai ɗaya ko da sau 3 a mako, da 'yar hanta sau ɗaya a mako, suna yin aikin da kwalaben magani ba za su yi ba. Garin kunun da ake haɗawa da soyayyen gero ko dawa ko masara da waken soya da gyaɗa, wanda ake kira Tom Brown, ya fi koko zalla riƙe ciki, sai dai a dama shi da kauri, don kunu mai ruwa-ruwa cika ciki kawai yake yi. Ranar wake ki haɗa da ɗanyen tumatir ko lemu ko gwaiba, sinadarin bitamin C da ke cikinsu yana taimakon jiki ya tsotse ƙarfen jinin waken. Sannan ki bi yanayi: da rani kayan lambun fadamun Galma suna cika kasuwannin Sabon Gari da Ɗan Magaji, karas da kabeji da tumatir su yi sauƙi, da bazara ga mangwaro, da damina zogale da rama da tafasa, da kaka kabewa da sabuwar gyaɗa da dankalin Hausa. In kin samu dankalin nan mai ruwan lemu a ciki ki saya, yana da bitamin A sosai kuma zaƙinsa yana jan yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa abincin ƙananan yara rukuni 8, tana son yaro ya taɓa aƙalla 5 a yini. An tsara ma'aunin ne don 'yan ƙasa da shekara 2, amma yana da amfani ga naki. Sai dai ki riƙa duba mako guda dunƙule. Yaro yakan ci sosai yau, gobe ya ɗan tsakura, jibi ya rama.

Ki zuba masa a kwanonsa don ki ga abin da ya ci, kuma kada yayyensa su rigaye shi, amma ya zauna a tabarma ɗaya da su. Yaro yana koyon ci ne da ido. In da hali babansa ya riƙa zaunar da shi kusa da shi ko da a abincin dare ne. Abin da yaro ya ga Baba yana ci da daɗi yana da wata daraja ta dabam a wurinsa. Ki kuma sa shi ɗan aiki, ya tsinke miki zogale, ya wanke tumatir, ya miƙo ludayi. Wanda ya sa hannu a girki ya fi kusa da ɗanɗanawa.

Maganar ɗura kuwa, ina roƙonki da girman Allah kada a yi. Na san iyayenmu sun yi ta da kyakkyawar niyya, kuma Hajiya tsoron kada jikanta ya rame ne ya sa ta faɗa. Amma yaron da aka danne, aka toshe masa hanci yana kuka ana zuba kunu, numfashi yake nema, kuma kunun yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu. Daga nan ciwon huhu ke tashi, wani yaron ma a take yake shaƙewa, kuma ana rasa rai ta wannan hanyar. Wanda ya tsira kuma yakan tashi yana ganin kwano a matsayin abin tsoro. Kada ki tunkari Hajiya da gardama. Ki fara zama da maigidan ku fahimci juna, shi ya yi mata bayani cikin ladabi, in ya yiwu ku tafi da ita ranar awo ta ji daga bakin ma'aikaciyar lafiya. Sannan kada a ce mata ta daina ba jikanta komai, wannan zai yi mata ciwo. A ba ta lokacin hantsi da na la'asar su zama nata, a ajiye mata abin da za ta ba shi: ayaba, gwanda, dafaffen ƙwai, awara, dabinon da aka cire wa ƙwallo, ko fura da kindirmon da aka tafasa madararsa. Gyaɗa ƙwaya-ƙwaya da aya a dakata da su sai ya kai shekara 5 saboda shaƙewa; a ba shi a dake ko a kunu.

Maganin cin abinci na kemis shi ma ki bar shi. Yawancinsu suna ɗauke da wani sinadari mai suna cyproheptadine, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da mura ne. Yana sa yunwa na ɗan lokaci, yana sa barci da kasala, kuma da an daina ake komawa gidan jiya. Yaron da ya sha shi Indomie ɗin zai ƙara nema, ba miyar ganye ba. Haɗe-haɗen ƙiba da ake sayarwa babu takarda sun fi haɗari, don wasunsu akwai maganin da ke kumbura jiki ya raunana garkuwarsa. Abin da ya dace ya samu shi ne maganin tsutsar ciki da ɗigon bitamin A duk wata 6, waɗanda ake bayarwa a asibitocin sha-ka-tafi da lokacin makon lafiyar mata da yara. Maganin ƙarin jini kuma sai an gwada an ga yana buƙata.

Akwai yaran da nasu ya wuce tsirfa, kuma ina so ki san alamunsu. In abincin da yake ci kullum raguwa yake yi har ya koma 'yan ƙalilan, in yana kakarin amai da ganin abinci ko jin ƙamshinsa, in yana ƙwarewa ko tari duk lokacin haɗiya, in nauyinsa ya tsaya ko yana sauka, in ga jinkirin magana da rashin son wasa da yara, to likitan yara ya gan shi. Tun 2013 likitoci suka ware irin wannan matsanancin ƙin abinci a matsayin lalura mai zaman kanta da ake kula da ita. Haka in ƙin cin ya zo farat ɗaya, a duba zazzaɓi, gyambon baki, ciwon haƙori ko taurin bayan gida. Yaro mai sikila ko ciwon suga kuma ba a sauya masa tsarin ci sai da shawarar likitansa.

Ki shirya wa makon farko, don zai yi wuya. Zai yi kuka, zai je ƙofar kicin ya tsaya yana kiran Indomie, wataƙila ya tashi daga wani zaman bai ci komai ba sai ayabar gefe. Ki ce masa a hankali, yau tuwo muka yi, Indomie sai ranar Asabar, kuma in Asabar ta zo ki cika alkawari. In ya ƙi na dare sam, ki rufe nasa ki ajiye. Ya ce yana jin yunwa kafin barci, ki ɗumama masa shi, ko ki ba shi abu mara zaƙi kamar rabin kofin madara ko guntun dankali, iri ɗaya kullum, don kada ya zama abin da zai riƙa jira. Ki fara tsarin a ranar da maigidan yake gida, kuma ku riƙe shi aƙalla wata guda kafin ku ce ya yi ko bai yi ba.